Labarin ɗoriya: Abin da ya kamata a sani kan labaran da ’yan kallo ke ginawa a kan wasannin talabijin

Labarin ɗoriya shi ne ƙagaggen labarin da mai kallo ko mai karatu yake rubutawa da kansa, ta hanyar aron mutanen cikin wani labari da ya riga ya shahara, da garinsu, da rigingimunsu, sa’annan ya ɗora daga inda masu shi suka tsaya, ko ya karkata akalarsa zuwa inda ba su kai ta ba. Sau da yawa ana gina shi a kan wasannin kwaikwayo na talabijin masu dogon zango da kuma littattafan labaran zane. Masu hulɗa da intanet a ƙasashen waje suna kiransa fanfik. A Hausa bai riga ya samu tsayayyen suna ba, amma kalmar ɗoriya ta dace da shi, domin ƙari ne a kan abin da wani ya fara azawa.

Batun ya shafi karkarar Arewacin Kano kai-tsaye. A ƙauyukan Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Makoɗa da Minjibir ana kallon wasannin nan a waya da gidajen kallo, ana kuma karanta labaran Hausa na intanet. Sai dai da wuya labari ya shiga hannun mai karatu a can ta hanyar kantin littattafai ko ɗakin karatu. Galibi wani ne yake miƙa masa, ƙawa ko ɗan’uwa ko mai shagon caji, ya ce masa wannan ya yi daɗi. Saboda haka shawarar wanda ya riga ya karanta ita ce ƙofar da labari ke bi ya shiga gida, kuma a kanta alhakin abin da ya shigo yake.

Ire-iren labarin ɗoriya

Masu nazarin wannan fanni sun lura da siffofi kaɗan da suke yawan maimaituwa.

Na farko shi ne ci gaban labari. Wasa ya ƙare, ko an tafi hutun zango, marubucin ɗoriya ya ɗauka daga nan ya faɗi abin da ya biyo baya.

Na biyu shi ne cike giɓi. Wasan ya nuna mutum a matsayin dattijo amma bai taɓa faɗin ƙuruciyarsa ba, ko ya tsallake wata uku tsakanin baiko da ɗaurin aure. Mai ɗoriya sai ya shiga wannan fili da aka bari.

Na uku shi ne sauya ƙarshe. Wannan ya fi fitowa daga ɓacin ran ɗan kallo, idan an kashe wanda yake so, ko an aurar da yarinya ga wanda bai kwanta masa a rai ba.

Na huɗu shi ne sauya muhalli, wato a ɗauko mutanen labarin da halayensu a kai su wani zamani ko wani wuri. Misali, a ɗauke ’yan siyasar jihar Alfawa ta wasan Kwana Casa’in a mayar da su masu neman dagacin wani ƙauye, rikicin ya koma kan gona da burtali maimakon baitulmalin jiha.

Na biyar shi ne haɗa gida biyu, a sa mutanen wasanni daban-daban su gamu. Da wani zai rubuta ranar da Kamaye na Daɗin Kowa ya je neman bashi wurin Alhaji Badamasi na Gidan Badamasi, da ya yi irin wannan.

Tarihinsa a duniya

Ɗorawa a kan labarin wani ta girmi talabijin da ɗaruruwan shekaru. A Sifaniya, bayan Miguel de Cervantes ya fitar da kashin farko na littafinsa Don Quixote a 1605, wani da ya ɓoye a bayan sunan Avellaneda ya buga nasa kashi na biyu a 1614. Abin ya ƙona wa Cervantes rai, ya fitar da kashi na biyu na gaskiya a 1615, har ya yi wa na jabun shaguɓe a cikinsa.

Siffarsa ta zamani ta fito ne a Amurka tare da wasan talabijin na Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966. Masu sha’awar wasan suka riƙa buga ’yan mujallu da kuɗin aljihunsu suna rarrabawa a tsakaninsu, kuma ɗaya daga cikin na farko ita ce Spockanalia ta 1967. Mata ne suka fi yawa a cikin marubutan. A Japan kuwa labaran zane ne suka ja ragamar. Tun 1975 ake gudanar da kasuwar baje koli ta Comiket a Tokyo, inda masu zane ’yan sa-kai ke sayar da littattafan da suka ƙirƙira, da dama daga cikinsu a kan taurarin fitattun labaran zane na ƙasar. A yau dubban ɗaruruwan mutane ne ke halartarta.

Intanet ta tattara abin da ke warwatse. An buɗe shafin FanFiction.net a 1998, aka kafa Wattpad a Kanada a 2006, sa’annan rumbun Archive of Our Own, wanda ƙungiyar sa-kai ke gudanarwa ba don riba ba, ya buɗe ƙofarsa ga jama’a a 2009. Rumbun ya samu lambar yabo ta Hugo a 2019, a 2021 kuma kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya sayi Wattpad a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 600. Da labaran suka kai miliyoyi, sai zaɓe ya zama aiki mai zaman kansa. Masu karatu suka riƙa tsara jerin labaran da suka yaba, kowanne da taƙaitaccen bayani da gargaɗin abin da ke ciki. Rumbun Archive of Our Own ma ya tanadi matakai huɗu na nuna shekarun da labari ya dace da su, daga na kowa da kowa zuwa na manya zalla.

Tushensa a adabin Hausa

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ɗabi’a. Gizo da Ƙoƙi da Botorami ba su da mai su. Kowace kaka da ke ba da tatsuniya a tsakar gida bayan sallar isha’i tana da ikon ƙara wa Gizo sabuwar dabara, muddin ta bar masa tsamin bakinsa da haɗamarsa. Idan ta mayar da shi mai gaskiya da kunya, yara ne za su fara gardama. Wannan ita ce ƙa’idar farko ta labarin ɗoriya a ko’ina: a canja abin da ya faru, amma kada a canja halin mai hali ba tare da dalili ba.

A fagen rubutacciyar waƙa akwai tahamisi, inda sha’iri ke ɗaukar baiti mai ɗango biyu na wani magabaci ya ƙara masa ɗango uku ya zama biyar, bisa karinsa da ma’anarsa. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukan malamai da lokacin Mauludi waƙar Alfazazi ce tare da tahamisin Ibnu Mahib. Waƙar Tabban Haƙiƙa kuwa ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce da Fulatanci, Nana Asma’u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Manufar waɗannan ayyuka ta addini ce, darajarsu kuma ta wuce ta labarin nishaɗi nesa ba kusa ba. Darasin da ke cikinsu ga mai ɗoriya shi ne ladabi: ana sanin ɗangon mai asali, ana sanin na mai ƙari, ba wanda ya shafe sunan wani.

Ƙagaggun labaran boko ma da aro suka tashi. Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, mai juzu’i uku, a ƙarshen shekarun 1930, da labaran da ya tsamo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu riga da rawani har suka zama ’yan gida. Ahmadu Ingawa ya ɗauko gwarzon tatsuniyoyin Rasha, Ilya Muromets, ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Daga baya Magana Jari Ce ta koma wasan talabijin a NTA Kaduna, marigayi Ƙasimu Yero na cikin ’yan wasanta. Ke nan labari ya taso daga baki ya shiga littafi, ya fita daga littafi ya shiga akwatin talabijin.

Daga Adabin Kasuwar Kano zuwa masu dogon zango

Zamanin da mai karatu ya fara sa baki a cikin labari sosai shi ne na littattafan soyayya, waɗanda aka fi sani da Adabin Kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna na 1991, sun yi rubutu a kasuwar da littafi ke fitowa kashi-kashi. Marubuci kan sa adireshinsa a littafi, masu karatu su aiko da wasiƙun yabo da na ƙorafi kafin kashi na gaba ya fito. Maza kuma suna da littattafan yaƙi, irin na Abdul’aziz Sani Madakin Gini, masu ɗauke da ƙamshin hikayoyin Larabawa na sadaukai da aljanu.

Finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano suka daɗe suna nunawa, sun yi tasiri a kan littattafan da kuma finafinan bidiyo da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990. Masana’antar ta ƙirƙiri kalmarta ta wannan aro: wankiya, wato a ɗauki fim ɗin waje a sake shi da ’yan wasan gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami’ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan al’ada, haka ma Brian Larkin, wanda ya yi bincikensa a Kano. Bayan haka aka shiga zamanin fassara, inda kamfanoni irin su Algaita ke ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, sau da yawa da barkwanci da karin maganar da babu su a asalin fim ɗin. Wankiya da fassara sun bambanta da ɗoriya ta fuska ɗaya: su suna maimaita labarin ne, ita kuwa sabon labari take ƙirƙira da tsofaffin mutane.

Wasan talabijin mai ci gaba mako-mako ma tsohon abu ne a Arewa. Masu shekaru suna tuna Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karkuzu, da Kuliya Manta Sabo. Sabon yayin ya zo da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sa’annan Kwana Casa’in a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja hankalin jama’a, YouTube ta zama babbar kasuwarsu. Wasu marubutan wasannin ma daga duniyar littattafai suka fito, kamar Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih.

Irin waɗannan wasanni su ne gonar da ɗoriya ta fi tsirowa a kai, saboda ɗan kallo yana zama da mutanen cikinsu shekara da shekaru. Labarina ya nuna haka a fili lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar wasan, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya: muhawarar da ta biyo baya ta nuna cewa ’yan kallo suna ganin suna da haƙƙi a kan Sumayya. Hasashen abin da zai faru a mako mai zuwa, wanda ake yi a teburin mai shayi da gindin rijiya, shi ne ɗoriya tun tana baki. Rubutawa kawai ta rage.

Labaran zane

Labarin zane shi ne wanda ake bayarwa da jerin hotunan da aka zana, maganar kowa na rubuce kusa da bakinsa. A Kudancin Najeriya, Wale Adenuga ya fara mujallar Ikebe Super a 1976, daga cikinta ne Papa Ajasco ya fito ya koma wasan talabijin. Yara masu son ƙwallo sun san Supa Strikas. A 2013 Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Legas, mai fitar da labaran gwarazan Afirka a intanet.

Wanda ya fi kusa da mai karatun Hausa shi ne Malika na Roye Okupe, labarin sarauniya mayaƙiya da aka gina bisa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, a wata daula da marubucin ya kira Azzaz. Da Turanci aka rubuta shi, kamar mafi yawan irinsa, don haka yaron karkara ya fi haɗuwa da gwarazan zane ta hanyar katun da finafinan da aka fassara, da hotunan da ke jikin jakar makaranta. Duk da haka, ɗalibin da ya zana Spider-Man a bayan littafinsa na rubutu, ya sa shi yana kora ɓarayin awaki daga unguwarsu, ya riga ya shiga sahun masu ɗoriya ko bai sani ba.

Yadda labari ke isa ƙauye

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama’a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya bayyana yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin taki, a ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da aka bari da gangan. Gida na kallon gida, ƙauye na jin kiran sallar ƙauye. A irin wannan zama abu ba ya daɗewa bai zagaye ba. Hanyoyin da gero da wake da gyaɗa ke bi zuwa Dawanau, da waɗanda dabbobi ke bi zuwa kasuwar Dambatta ta ranar Lahadi, su ne hanyoyin da labari ke biyowa ya dawo.

A da, littafi ne ke zuwa a jakar ɗan kasuwa daga Kurmi ko Sabon Gari, mai haya ya bayar da shi na kwana ɗaya ko biyu, yaro ya kai wa matan aure a cikin gida, ya zaga unguwa har bangonsa ya cire. Yau waya ce ta gaji wannan aiki. Mai shagon caji, da janareta ko sola, shi ne yake tura finafinai da wasanni a memori. Matasa na tura wa juna ta Xender ba tare da sun taɓa data ba. Ɗan cin rani da ya dawo daga birni gabanin damina yakan zo da waya cike.

Rubutattun labaran kuwa suna yawo ne a zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram, da Wattpad, da manhajar ArewaBooks. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka yi kasuwa a cikinta, ta rufe a ƙarshen 2023. Tsarin da aka saba shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, wanda ya ji daɗi ya biya ’yan ɗaruruwan naira a sa shi a zauren masu biya. Wanda bai iya karatun boko ba ma ba a bar shi a baya ba, domin gidajen rediyo da tashoshin YouTube suna karanta littattafai da murya, ana saurara ana surfe ko ana ɓarar gyaɗa. A cikin wannan kogi ne labaran da aka aro daga wasannin Indiya da na Koriya da na gida suke, a gauraye da sauran, sau da yawa ba tare da alamar da ta bambanta su ba.

Lokacin karatu ma yana bin kalandar gona. Daga shuka zuwa noman farko da maimai ba a samun sukuni sai da dare. Bayan an kai amfani rumbu, hunturu ya shigo, hira ta yi tsawo, a nan ake cinye dogayen labarai.

Abin da ake dubawa kafin a ce wa wani ya karanta

Tunda waya ɗaya a gidan karkara takan bi hannun uwa da ’ya da ƙane, wanda ya tura labari ga mutum ɗaya ya tura wa gida ne. Akwai abubuwa bakwai da mai ba da shawara ya kamata ya tabbatar.

Ya karanta labarin da kansa har inda ya tsaya. Labari da yawa kan fara da ladabi a shafukan kyauta, ya canja fuska a shafukan kuɗi.

Ya faɗi tushensa. Idan a kan Daɗin Kowa aka ɗora shi, a faɗa, a kuma faɗi zangon da ya kamata mutum ya kalla tukuna, don kada a tona masa abin da bai kai ba.

Ya faɗi shekarun da ya dace da su. Ƙorafin batsa a wasu labaran intanet tsoho ne, marubutan kansu suna cikin masu yinsa. Tunda babu tsayayyun matakai irin na rumbunan waje, bakin mai turawa shi ne matakin. Jumla ɗaya ta isa: na kowa ne, ko na matan aure ne, ko akwai kisa da fyaɗe a ciki.

Ya duba ko an kammala shi. Labarin da aka watsar a tsakiya bayan mutum ya biya kuɗi ya ƙona data asara ce ga wanda ke ƙirga kowace naira.

Ya auna riƙon hali. Nagartaccen labarin ɗoriya shi ne wanda mai karatu zai ji muryar Malam Nata’ala ko ta Baba Ɗan Audu a kunnensa tun kafin a ambaci suna. Wanda ya ari suna kawai, ya cusa masa halin da ba nasa ba, talla ya yi da sunan, ba ɗoriya ba.

Ya duba Hausar. Ga ɗalibai da yawa waɗannan labarai su ne mafi tsawon rubutun Hausa da suke karantawa. Idan marubuci ba ya raba kalma daidai, ba ya bambanta ƙ da k ko ɗ da d, kuskurensa kan bi mai karatu har cikin jarrabawa.

Ya bambanta tauraron labari da ɗan wasa. Sumayya ƙirƙirarriya ce, ana iya aurar da ita ga wanda aka ga dama a takarda. Matar da ta fito a matsayinta kuwa mutum ce mai iyaye da mutunci. Labarin da ya ɗauki sunan ɗan wasa na gaskiya ya jingina masa soyayya ko alfasha ya fita daga adabi ya shiga ƙazafi da ɓata suna, wanda ya yaɗa shi kuma yana da kaso a ciki.

Haƙƙin mallaka da hukuma

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa mai aiki shi kaɗai ikon sarrafa aikinsa zuwa wata siffa. Kariyar rubutaccen adabi tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ta fim kuma shekara 50 daga fitowarsa. Bisa wannan lissafi, littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Dokar ta yi rangwame ga wasu abubuwa, kamar amfanin kai, da sharhi, da kwaikwayon barkwanci ko zambo, amma rangwamen yana da iyaka, kuma ana duba ko an yi abin don neman kuɗi ne da kuma ko ya taɓa kasuwar mai asali. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da dokar.

Wannan ne ya sa al’adar masu ɗoriya a duniya ta ginu a kan abu biyu: ba a sayarwa, kuma ana rubuta a farkon labari cewa taurarin na wane ne. A nan ne tsarin zaurukan biya na marubutan Hausa zai iya cin karo da doka, domin wanda ya karɓi kuɗi a kan mutanen Labarina ya ci daga gonar da ba tasa ba, sai in ya nemi izini.

Haƙƙin yana da fuska ta biyu. Marubutan intanet sun daɗe suna kukan ana fitar da littattafansu na kuɗi ana rabawa kyauta, ana goge sunansu, ko a karanta su a YouTube ba da saninsu ba. Mai ba da shawara na gari yakan faɗi sunan littafi da na marubuci da inda ake samunsa, ba ya tura abin da ya san na sayarwa ne.

A Kano akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab’i, wadda aka kafa a 2001, mai iko a kan finafinai da littattafai. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama’a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin rashin miƙa su a tace. Sai dai hannun hukuma ya fi isa ga abin da aka buga ko aka haska. Abin da ke yawo daga waya zuwa waya a bayan Bichi ko Minjibir, idon ’yan’uwa da ƙawaye ne kaɗai ke ganinsa.

Amfaninsa ga mai koyon rubutu

Babban abin da ke hana sabon marubuci farawa shi ne ƙirƙirar mutane da gari daga babu. Ɗoriya tana ɗauke masa wannan nauyi, ta bar shi da koyon tsara zance, da jan hankali, da sanin inda ake tsayawa. Tana kuma ba shi damar kawo abin da wasannin suka cika tsallakewa. Yawancinsu a birni ake shirya su, a gidajen masu kuɗi da ofisoshi. Yarinyar da ta tashi a gefen madatsar Tomas ko ta Watari ta san rigimar gadon gona, da bashin taki, da gayya, da abin da ke faruwa a gida idan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bunni. Idan ta kawo Sumayya ƙauyensu ta kwana uku, za ta rubuta abin da marubucin birni bai gani ba.

Malamin Hausa a ƙaramar sakandare zai iya amfani da wannan a darasin insha’i, ya ce kowa ya rubuta ƙarshen da yake so ga wasan da ajin ya sani. Wanda hannunsa ya faɗa kuma yana da inda zai nufa da labarinsa na kansa, kamar gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ko tarukan reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya. A can ba a karɓar aro, sai abin da mutum ya ƙirƙira tun daga tushe.